Mai Lambu da Hancin 'Yarsa

A bakin wani rafi, nesa kaɗan da gari, akwai wani mutum mai lambu. Albasa yake shukawa da tumatir da alayyafo, kuma a duk yankin ba wanda ya kai shi sanin ruwa. Ya san lokacin da zai buɗe wa fangali hanya, ya san lokacin da zai datse ta da laka. In ya dubi ganye sau ɗaya zai gaya maka ko ƙishi yake ji, ko kuwa ruwa ne ya yi masa yawa. Sai dai yana da wani hali da kowa ya san shi da shi, wato ƙyama. In yana cin tuwo wani ya fyace majina a bayan danga, to shi da tuwon nan sai gobe. Matarsa Briskila takan yi masa dariya ta ce, "Maigida, kai da kake yini cikin taɓo?" Shi kuwa sai ya ce taɓo daban, ƙazantar mutum daban.

Allah ya ba su 'ya mace, suka sa mata suna Keziya. Yarinyar tana da wata uku uwar ta kwanta ciwo, kwana tara ta rasu.

Bayan jana'iza sai surukarsa, uwar marigayiyar, ta kira shi gefe. Tsohuwa ce mai ƙaramin jiki da kaifin ido, wadda ta yi shekaru tana taimakon masu jinya a wani ɗakin shan magani kafin ƙarfinta ya ragu. Ta ce za ta tafi da jaririyar garinsu a hayin rafi, gama namiji ba ya reno. Mai lambu ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mama, an ɗauke mini ɗaya. Kada ki ɗauke mini ta biyun."

Tsohuwa ta dube shi. Sa'an nan ta ce, "Na ba ka wata uku. Zan zo in gani da idona. Abin da na tarar, shi zai raba mu."

A ranar nan ce kuma, yana wucewa ta bayan matan da ke wanke tukwane, ya ji wata tana cewa, "Allah sarki, marainiya. Ku ba shi wata guda ku ga majina har baki. Ai ɗan da ba uwa a hanci ake gane shi." Ba ta san ya ji ba. Maganar ta shiga zuciyarsa ta yi zamanta. Tun a wurin ya ƙudura cewa muddin yana da rai, ba mahalukin da zai ga majina a hancin 'yarsa.

Haka kuwa ya yi. Ya koyi dama madara a fida, wato kwalbar shayar da jariri, ya koyi gwada zafinta a bayan hannu. Ya koyi goyo, ƙato da shi, har masu wucewa suna tsayawa kallo. In zai yi ban ruwa sai ya kwantar da ita a kwando a inuwar mangwaro, ya zuba guga biyu ya waiwaya, ya zuba biyu ya waiwaya. Matan zumunta na coci suna kawo masa madara da sabulu, yana karɓa da godiya. Amma in wata ta ce a ba ta yarinyar ta kwana biyu a wurinta, sai ya ce, "Na gode, Allah ya saka." Ba ya ƙara ko kalma, ba ya kuma bayarwa. Kowace Lahadi yakan shigo sujada da Keziya fes, an shafa mata mai, an sa mata hoda, hanci tas. Har wadda ta yi maganar nan sai da ta ce, "Lallai mutumin nan ya ba mu kunya."

Wata ukun suka cika a tsakiyar damina, lokacin marka, ana yini ana yayyafi. Aka kawo masa saƙo cewa tsohuwa tana tafe ranar Asabar. Ranar Talata Keziya ta yi atishawa. Ranar Laraba hanci ya ɓalle da zuba. Ya share, kafin ya ajiye tsumman ta dawo. Ya sake sharewa, ta sake dawowa. Kafin yamma ya jiƙa tsumma uku, ƙasan hancin yarinyar ya yi jawur don goga. Mai lambu ya zauna a bakin ƙofa ya rafka tagumi. "Wata uku ina fama," in ji shi, "sai a makon nan?" Tsoro ya kama shi ƙwarai, gama ya san in tsohuwa ta tafi da yarinyar nan, ba abin da ya rage masa a gidan sai bango.

To, ku ji inda gwaninta take kai mutum ta baro shi. Kowa da abin da ya iya yake tunani, shi kuwa ruwa ya iya. Ya ce a ransa, "Ruwa ne ya yi wa yarinyar nan yawa. Duk inda ka ga ruwa yana tsattsafowa a ƙasa, daga sama ake datse shi, a bar rana ta busar da sauran." Sai ya rage mata madara, fida biyar ya mai da ita uku, ya kuma kaurara damun. Ɗan ruwan da yakan ba ta a cokali ma ya hana. Rana ta ƙi fitowa, sai ya ce wuta za ta yi aikin rana. Ya hura gawayi a kasko, ya barbaɗa busasshen ganyen darbejiya a kai, ya rufe ƙofa da taga, ya zauna da ita cikin hayaƙin. Tana kuka yana jijjiga ta, idonsa shi ma yana ruwa, yana cewa, "Yi haƙuri, uwata. Kwana biyu ne kawai."

Ranar Jumma'a hanci ya tsaya, ko ɗigo babu. Mai lambu ya durƙusa ya yi wa Allah godiya. Ni dai ban san yadda aka karɓi wannan godiya a sama ba.

Amma da ya kawo fida, ga abin da ya faru. Keziya ta cafke ta da sauri don yunwa, ta tsotsa sau biyu, ta saki, ta buɗe baki tana haki, sa'an nan ta fashe da kuka. Ya sake ba ta, ta sake yin haka. Ya ce rigimar mura ce, za ta wuce. Yinin ranar nan duka, abin da ya shiga cikinta bai cika rabin fida ba.

Asabar da hantsi tsohuwa ta iso. An haye da ita a kwalekwale, zaninta ya jiƙe har gwiwa, tana tari jefi-jefi. Mai lambu ya shimfiɗa mata tabarma a rumfa, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, sa'an nan ya shiga ya fito da Keziya cikin farar riga, hoda har wuya, ya miƙa da hannu biyu. Ya tsaya yana jiran yabo.

Tsohuwa ba ta ko dubi rigar ba. Ta kara kunnenta a fuskar yarinyar tana sauraro. Ta shafa maɗigarta, ta ji ta ɗan faɗa. Ta dubi leɓen, ga shi a bushe.

Ta ce, "Baban Keziya, yaushe rabon yarinyar nan da fitsari?"

"Tun jiya da yamma, Mama."

"Mura ta yi?"

Ya so ya ce a'a, kalmar ta zo har bakinsa. Amma ƙaurin hayaƙi yana jikin gashin yarinyar, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce, "Ta yi, Mama, amma na tsayar da ita."

"Ka tsayar da ita. Da me?"

Ya kwashe duka ya faɗa mata. Da ɗan alfahari ya fara, amma yana magana yana kallon fuskarta, kafin ya kai kan kasko muryarsa ta yi ƙasa har da kyar ake ji.

Tsohuwa ba ta yi faɗa ba, da kuwa ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Fitar da kaskon nan daga ɗaki. Buɗe taga. Ɗora ruwa a wuta, ka kawo mini gishiri." Ya yi duka da gudu. Da ya dawo ya tsuguna a bakin murhu, sai ta ce, "Hanyar ruwan nan da ta ratsa lambunka, in ka datse ta kwana uku, me kake tararwa a ciki?"

"Laka takan bushe, Mama. Ganye da shara su cushe ta. Sai na sa fartanya kafin ruwa ya sake bi."

"In kuwa ruwa yana gudu?"

"Shi yake kwashe su."

"To, kai da bakinka ka faɗa." Ta gyara wa yarinyar kwanciya a cinyarta. "Majinar nan da kake gaba da ita, ba ita ce cutar ba. Ko lafiya lau kake, hancinka yana yin ta kullum, 'yar kaɗan mai yauƙi, ta shafe cikinsa. Duk numfashin da ka ja akwai ƙura a ciki, da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Kafin su kai huhu sai su manne a jikinta. Can ciki kuma akwai wasu 'yan gashi ƙanana ƙwarai, suna tura ta baya sannu sannu zuwa maƙogwaro, ka haɗiye ba ka sani ba, ciki ya gama da su."

Mai lambu ya yatsine fuska da ya ji zancen haɗiya.

"Ƙwarai kuwa," in ji tsohuwa. "Har kai, sarkin tsabta, kullum ta Allah. To, ranar da cutar mura ta sami shiga, sai jiki ya buɗe ruwa gaba ɗaya don ya wanko ta waje, ya kuma aiko da mayaƙansa cikin ruwan. Shi ya sa hanci yake zuba. In ka ga ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore, sau da yawa alama ce an gwabza. Yarinyar nan faɗa take yi da ciwo, kai kuwa ka hana ta ruwa, ka ƙara mata da hayaƙi. Majinar ba ta je ko'ina ba. Daskarewa ta yi a ciki ta toshe hanya. Jariri kuwa da hanci yake numfashi in yana tsotso. Ka sa ta zaɓi ɗaya tsakanin abinci da iska, ta zaɓi iska. Garin neman gira ka kusa rasa ido."

Ya ce, "Mama, na kashe ta?"

"Ba ka kashe ta ba. Amma in rana ta yi tsaka ba ta sha ba, ko na ga haƙarƙarinta yana faɗawa in ta ja numfashi, asibiti za mu, ko da rafi ya kai wuya."

Ruwa ya tafasa, suka bar shi ya huce. Tsohuwa ta ɗibi gishiri ɗan mitsitsi a bakin yatsa ta narka a kofi, ta ɗiga wa yarinyar ɗigo biyu a kowace ƙofar hanci. Ta jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ta riƙa dannawa a hankali har tasonon da ya bushe a bakin hancin ya yi taushi ya fita. Suka saurara. Har yanzu numfashin yana sarƙewa daga can ciki. Aka gwada fida, ta tsotsa sau biyu ta saki.

Tsohuwa ta ce, "Abin ya jiƙa, amma ba zai fito da kansa ba. Babba zai fyace, jariri bai iya ba. Sai an tsotso mata."

Mai lambu ya waiga hagu da dama, sai ka ce akwai mutum na uku a rumfar. Ya ce, "Tsotsa, Mama? Da baki?"

"Da me uwarka ta tsotse naka?" Ta yi tari, ta juya fuska gefe har ya lafa. "Da ni zan yi, ba sai na tambaye ka ba. Amma tarin nan wata biyu ke nan ina shan maganinsa. Ba zan sa bakina a hancin jikata in ba ta abin da ya fi mura ba."

Ya yi tunanin ya ruga gari ya kira ɗaya daga cikin matan zumunta, amma hanya duk caɓi ce, zuwa da dawowa sai rana ta karkata. Ya dubi tsohuwa, matar da ko ruwa bai taɓa sha a gabanta ba don kunya. Yau kuma a gabanta zai yi wannan? Yana cikin haka sai Keziya ta yi wani ɗan sauti. Ba kuka ba ne, ƙarfin kukan ya ƙare. Bakinta a buɗe, idonta a kansa.

Ya tashi ya kurkure baki, ya dawo ya durƙusa a kan tabarma. Ya ce, "Ba ni ita. 'Yata ce."

"A hankali," in ji tsohuwa. "Danne ɗaya da yatsa, ka ja ɗayar kaɗan. Kada ka ja da ƙarfi."

Ya sunkuya ya sa bakinsa a hancin 'yarsa, ya ja. Ba abin da ya fito, sai amai da ya taso masa har wuya. Ya juya gefe ya tofar, idonsa ya cika da ƙwalla.

Tsohuwa ta ce, "Huta kaɗan."

Ya ce, "Ba hutu, Mama."

Ya sake sunkuyawa. Na ga wasunku kuna yatsine fuska. Ku yatsine, shi ma ya yatsine, amma bai ɗaga kai ba. A karo na biyu abin ya fito, mai kauri, mai ɗumi, mai gishiri-gishiri. Ya tofar a ƙasa ya rufe da toka. Tsohuwa ta ƙara ɗigo, ya koma ɗaya ƙofar. Ya ja, ya tofar, ya ja, ya tofar, gumi yana keto masa duk da sanyin marka.

Sai Keziya ta ja wani dogon numfashi, ta tsala ihun da ya watsa kajin tsakar gida. Hanci ya buɗe, majina ta gangaro har leɓe. Tsohuwa ta sa mata fida. Ta kama, ta sha, ta sha, ta ci gaba da sha ba ta saki ba, numfashi yana fita ta hanci ana jinsa, har idonta ya fara lumshewa. Mai lambu yana durƙushe a inda yake, hawaye yana bin gemunsa, bai ko tuna da kunyar suruka ba. Kafin rana ta yi tsaka yarinyar ta jiƙa zanin kakarta sharkaf da fitsari. Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Ƙawata, tukuicin da za ki ba ni ke nan?"

Mai lambu ya kai hannu ga tsumma, don sabo. Tsohuwa ta ce, "Share mata, ba wanda ya ce a bar yaro da ƙazanta. Amma da ruwan ɗumi, a hankali, ba kamar mai kankare tukunya ba. Ka mai da mata madararta yadda take, har ka ƙara. In ta zuba ka share, in ta sake zuba ka sake sharewa, har ranar da za ta tsaya don kanta."

Da la'asar ta kira shi. Ta ce, "Baban Keziya, zan gaya maka gaskiya. Da na ga hancin nan a bushe da hoda a kai, yarinya kuwa tana haki, na riga na gama shawara cewa da ita zan koma. Na ce mutumin nan idon jama'a yake reno, ba 'ya ba. Amma na haifi bakwai, na karɓi haihuwar da ban san iyakarta ba, ban taɓa ganin namijin da ya yi abin da ka yi yau ba. Riƙe 'yarka."

Bayan kwana uku mura ta kama shi, irin wadda take sa kai ya yi nauyi, gama a bakinsa ya ɗauke ta. Lahadin da ta biyo baya ya shigo sujada da Keziya a kafaɗa, hancinsa yana zuba, nata ma da saura. Wasu suka yi dariya a ɓoye. Ya zauna a bencinsa, ya share nata a hankali, ya share nasa, ya buɗe littafin waƙa.

To, jama'ar Allah, bari in warware muku misalin. Amma tukuna, kada wani ya fita daga nan ya ce malami ya hana zuwa asibiti. Yaron da ya ƙi ci, ko numfashinsa yana sauri, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, a kai shi wurin masu magani ba da jinkiri ba. Yanzu ma akwai 'yar roba da ake zuƙe majinar jariri da ita, wanda ya samu ya huta da abin da mai lambu ya sha.

Murar nan ita ce zunubi. Shiga take yi kamar numfashi, ba wanda ya ga lokacin da ta shiga, kuma ba wanda ya fi ƙarfinta. Majina kuwa ita ce damuwar da lamiri yake tayarwa a cikin mutum bayan ya yi laifi. Ka yi wa matarka ƙarya, ta kawo tuwo, tuwon ya ƙi wucewa. Kin ci naman 'yar'uwarki a bakin rijiya, kin zo sujada waƙa ta ƙi fita. Hawaye yana zuwa ba ka kira shi ba, wani abu yana ce maka je ka faɗa, je ka roƙi gafara. Ba daɗi, ba kyan gani, na sani. Amma wannan damuwa ba ita ce cutar ba. Ruhun Allah ne yake buɗe ruwa don ya wanke abin da ya shiga. Gawa ba ta mura. In har zuciyarka tana damunka, ka gode wa Allah, da sauran rai a cikinka.

Mu kuwa me muke yi? Abin da mai lambu ya yi. Idon mutane muke tsoro, sai mu tashi neman abin da zai busar da ita kafin Lahadi. Mu hura kasko mu zauna cikin hayaƙin hujja: ai kowa ma yana yi, ai shi ya fara, ai ba wanda ya sani. Mu rage madara, wato mu daina karanta Maganar Allah, mu gajarta addu'a, in mun hango ɗan'uwan da zai gaya mana gaskiya mu sake hanya. Kwana biyu sai damuwar ta tsaya, mu ce mun sami salama. Ni da nake tsaye a gabanku na hura irin wannan kasko shekara biyu cur, a kan wata magana tsakanina da ƙanena. Ina wa'azi, ina sa farar riga, kowa yana cewa malam ba shi da damuwa. Ba salama ba ce, toshewa ce. In kana so ka gane bambancin, dubi cinka. Ana karanta Magana, ka tsotsa sau biyu ka saki. Ka durƙusa za ka yi addu'a, numfashi ya ƙare tun ba ka fara ba. Mutum yana nan fes a waje, yunwa tana kashe shi a ciki.

Kuma ku bar ni in faɗi wannan, ko da za ku ji haushina. Da yawa a cikinmu mu ne matan wanke tukwane. Bakinmu ne yake sa mutane su ɓoye. Akwai wanda ya daina zuwa sujada tun bara don abin kunyarsa ya fito fili, kun san shi, na san shi. Shi nasa ya zubo kowa ya gani, namu yana daskare a ciki, shi ke nan bambancin. Abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Wa ya taka ƙafa ya je gidansa?

Saura abu ɗaya, shi ne babba. Jariri bai iya fyace wa kansa ba. Duk ƙoƙarin Keziya, ba ta da ikon fitar da abin da ya toshe ta, sai wani ya sunkuyo. A nan mai lambu ya sake mazauni a cikin misalin. Da farko mu ne shi, amma sa'ad da ya durƙusa a kan tabarma, wani yake nuna mana wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. Mai lambu shi ya jawo wahalar da hannunsa, ya kuma tsaya yana waige-waige ko akwai wanda zai yi a madadinsa. Ubangiji Yesu ba shi da hannu a laifinmu ko kaɗan. Shi mai tsarki ne, in da akwai wanda ya isa ya yi ƙyamarmu, shi ne. Duk da haka bai aiko wani ba. Ya sauko da kansa, ya sunkuya har inda ƙazantarmu take, ya ɗauke ta a jikinsa, ciwon da yake namu ya kwantar da shi a kan gicciye, domin mu sami numfashi mu ci mu rayu.

Saboda haka, in ka shigo yau da hoda a fuska da numfashi a sarƙe, kada ka koma gida haka. Fitar da kaskon nan. Wanda ya kamata ka je wurinsa, ka je tun rana ba ta faɗi ba. Abin da ya kamata ka faɗa wa Allah, ka faɗa da sunansa, ko da hawaye da majina za su haɗu a fuskarka a gaban mutane. Ubanka ya riga ya san abin da yake ciki, ya san kaurinsa, ya san tsawon kwanakin da ya yi. Ya durƙusa tun tuni, yana cewa a ba shi kai, gama kai nasa ne.